Sinima, Netflix, YouTube ko mai tura fim: ina mazaunin Abuja zai kai kuɗin kallonsa?

Ƙanina ya yi aure bara, suna zaune a Kubwa. Ran nan bayan Isha'i ya kira ni ya ce, "Yaya, amarya tana son in riƙa kai ta sinima, ni kuma gani nake gara in biya Netflix mu yi zamanmu a gida. Wanne ya fi?" Na ce ya ba ni kwana biyu in yi lissafi. Da na zauna sai na ga tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, kuma hanyoyin ba biyu ba ne, huɗu ne: sinima, manhajojin da ake biya duk wata, YouTube da dandalin fina-finan Hausa, sai shagon masu tura fim a waya. Abin da na haɗa masa ne na kawo nan.

Kafin a shiga lissafi, yana da kyau a san halin da kasuwar take ciki, don shi ya jawo wannan tambaya. A 2019 gidajen sinima na duniya sun tara kusan dala biliyan 42. Da korona ta rufe su a 2020, abin ya faɗo zuwa wajen biliyan 12. An buɗe, amma jama'a ba su dawo yadda suke ba. Cineworld, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin gidajen sinima a duniya, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Satumban 2022. Kuma tun kafin annobar ma abin yana ja da baya: a Amurka an sayar da tikiti sama da biliyan ɗaya da rabi a 2002, ba a sake kaiwa nan ba har yau.

Dalilai biyu ne suka fi shafar mai kallo irinmu. Na farko, jira ya ragu. A da fim yakan yi kusan kwana 90 a sinima kafin ya isa gidajen mutane. Yanzu da yawa kwana 45 ne, wasu ma kwana 17. Na biyu, gajiya. Manyan kamfanonin Amurka sun kama hanya ɗaya sun ƙi saki: jarumi mai tashi sama, kashi na biyu, na uku, na huɗu, gari ya rushe, a ceto duniya. Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8 a 2019. Bayan shekara huɗu, The Marvels, fim na 33 a jerin kamfanin Marvel da ya yi Avengers ɗin, da ƙyar ya wuce dala miliyan 200. Ko tuwon shinkafa ne aka ba mutum safe da rana da dare, ranar da zai ture kwano tana zuwa.

A nan gida labarin ya ɗan bambanta. Ƙungiyar masu gidajen sinima ta Najeriya ta ce sun tara sama da naira biliyan 11 a 2024, daga biliyan 7 da 'yan kai a 2023. Sai dai tikitin da aka sayar bai kai miliyan uku ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Wato kuɗin tikiti ne ya tashi, ba cika ɗakunan suka yi ba.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Abu biyar na duba. Kuɗi, amma dukkan kuɗin, har da na mota da data da wuta, ba wanda aka rubuta a allo kawai ba. Ɗorewa, wato bayan ka biya me ya rage a hannunka, kuma na tsawon wane lokaci. Sauƙi, ta fuskar hanya da wuta da sabis. Haɗari, ga lafiyarka da aljihunka da tarbiyyar yara. Na biyar shi ne wanda masu irin wannan lissafi suka fi mantawa da shi: shin akwai abin da kake son gani a wurin, kuma da harshen da gidanka ke ji?

Sinima

A Abuja wuraren da aka fi sani su ne Silverbird da ke tsakiyar birni da reshensa na Jabi Lake Mall, sai Genesis a Ceddi Plaza. Duk a cikin gari suke, kuma matsalar ke nan, domin yawancinmu ba a cikin gari muke kwana ba. Wanda ke Kubwa ko Lugbe ko Gwagwalada, balle Nyanya da Mararaba, tafiya ce sosai a gabansa. Man fetur da ake saya ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Saboda haka kada ka tambayi kuɗin tikiti kawai. Haɗa tikiti biyu, da mai ko kuɗin tasi zuwa da dawowa, da gugguru da lemo waɗanda a can ciki farashinsu ya ninka na waje. Fita ɗaya ta mutum biyu a ƙarshen mako tana cin abin da ya fi kuɗin Netflix mafi tsada na wata guda. In kuma da yara uku ne, sai a sake lissafi daga farko. Ranakun aiki tikiti yakan fi araha, wanda ke da damar fita ranar Talata ko Laraba da rana ya ci riba.

Ta fuskar ɗorewa, awa biyu ne, an kunna fitila, shi ke nan. Ba ka fita da komai a hannu. Amma a nan ba zan yi wa sinima rashin adalci ba. Ni a Jos na tashi, garin da Hukumar Fina-finai ta Najeriya take da hedikwata, kuma na girma ina jin manya suna ba da labarin fina-finan Indiya da suka gani a sinimar Kwararafa shekaru talatin baya, suna tuna wanda suka zauna kusa da shi da abin da ɗaki ya yi lokacin da jarumi ya bayyana. Ban taɓa jin wani yana ba da irin wannan labari a kan abin da ya kalla a waya yana kwance ba. Allon da ya cika bango, sautin da kake ji har a ƙirji, dariyar mutum ɗari a lokaci ɗaya, da awa biyun da ba wanda zai aike ka ko ya buga maka ƙofa, babu talabijin ɗin da zai ba ka su. Abin da amaryar ƙanina take nema ke nan, kuma ba ta yi kuskure ba. Ba fim ɗin kaɗai take so ba, fitar take so, a yi kwalliya, a ga gari.

A zamanin iyayenmu sinima ba wurin da ake son a ga 'yar mutunci ba ne. Na Abuja na yanzu ba haka suke ba, cikin manyan kantuna suke, da masu gadi da iyalai. Haɗarin ya koma kan hanya. Fim ɗin da aka fara ƙarfe takwas zai fito da kai wajen goma, kuma duk mazaunin Abuja ya san labarin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi. In ba ka da mota, ka zaɓi na rana. Ka kuma duba lokacin farawa don kada Magariba ta riske ka a tsakiyar fim. Akwai wani haɗarin na daban: ka biya, ka zauna, minti ashirin ka gane fim ɗin ba shi da kai ba shi da gindi. Ba a mayar da kuɗi. Wannan ne ainihin illar gajiyar da na ambata, domin kullum tikiti yana ƙara tsada, tabbacin samun sabon labari yana raguwa.

Abu ɗaya mai kyau, Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa tana sa wa kowane fim alamar shekaru, irin su 12 da 15 da 18, kuma ana rubuta ta a jikin jadawali. Uba yana iya dubawa kafin ya sayi tikiti.

Me ake nunawa? Fina-finan Amurka da na Kudu. Na Kudun ma su ne ke riƙe da kasuwar yanzu, musamman a watan Disamba. Fim ɗin Funke Akindele, A Tribe Called Judah, shi ne na Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima, a farkon 2024. Fim ɗin Hausa kuwa sai ka daɗe kana duba jadawali ba ka ci karo da ko ɗaya ba. Wannan yana damuna ƙwarai, a birnin da Hausa ke tashi a kowace kasuwa da kowace tasha.

Manhajojin biyan wata

Netflix ya shigo Najeriya a 2016. Ya ƙara kuɗi sau biyu a 2024, ya sake ƙarawa a 2025. Bayan wannan ƙarin, tsarin waya ya koma naira 2,500 a wata, mai bi masa 4,000, na tsakiya 6,500, babban kuma 8,500. Ka duba farashin ranar da za ka biya, tun da abin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ka kuma lura, tsarin 2,500 ba ya aiki a talabijin, na waya ne da ƙaramin allon hannu, kuma mutum ɗaya a lokaci guda.

A ido, wannan ya fi sinima araha nesa ba kusa ba. Amma kuɗin wata rabin labarin ne. Sauran rabin data ce, kuma a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Netflix da kansa ya ce hoto mai matsakaicin kyau yana cin kusan gig ɗaya a awa, mai kyau sosai har gig uku, mafi kyau duka har bakwai. Gidan da ke kallon awa biyu kowane dare a talabijin, da hoto mai kyau sosai, zai iya cinye gig 180 a wata. In aka rage kyan hoton, gig 60. Sau da yawa kuɗin data ya fi kuɗin manhajar kanta. Wanda yake da intanet na gida marar iyaka, ko yake samun waifai a wurin aiki da izinin amfani da shi, shi ne ya ci moriyar wannan hanya. A waya akwai saitin tsimin data da ke ba ka kusan awa shida da gig ɗaya, ka kunna shi tun ranar farko.

Sai wuta. In an ɗauke, talabijin ya mutu, sai janareta ko inbata. Wannan ma kuɗi ne, a sa shi a lissafi.

Ɗorewa: haya kake yi, ba saye ba. Ranar da ka daina biya, an rufe ƙofa. Fim ɗin da ka ajiye don ka kalla wata mai zuwa yana iya ɓacewa idan yarjejeniyarsa ta ƙare, wanda ka sauke a waya ma wani lokaci wa'adinsa yakan cika. Kuma kamfanonin suna sauya ra'ayi a kanmu. Prime Video, manhajar fina-finai ta kamfanin Amazon, ya buɗe reshen Najeriya a 2022 da alkawura, a Janairun 2024 ya daina zuba kuɗi a sababbin fina-finan Afirka. A bikin fina-finai na Zuma da aka yi a nan Abuja a Disamban 2024, mai shirya fina-finai Kunle Afolayan ya ce Netflix ma ya ja baya da ɗaukar nauyin sababbin ayyuka, kodayake kamfanin ya ce bai bar Najeriya ba.

Haɗarin da na fi gargaɗin ƙanina a kai shi ne cirar kuɗi ta atomatik. Ka sa katin banki, ka kalli abu biyu a makon farko, aiki ya sha kanka, wata uku ana cira ba ka buɗe ba. Ya taɓa faruwa da ni da wata manhaja, sai a saƙon banki na gani. Maganinsa shi ne ka soke biyan tun ranar da ka yi shi, zai ci gaba da aiki har watan ya cika. Na biyu, yara. A sinima akwai mai duba tikiti, a falonka kai ne mai gadi. Ka buɗe musu sashen yara, ka sa lambar sirri a naka, kada ka ce sai gobe.

Kada kuma a ɗauka an tsere wa gajiya don an dawo gida. Manyan fina-finan da suka gundure mutane a sinima su ne ke sauka a manhaja daga baya. Bambancin kawai, a nan in bai yi maka ba ka kashe, ba ka yi asarar mai ba. Ribar gaskiya ita ce faɗin zaɓi: na Koriya, na Indiya, na Turkiyya, shirye-shiryen tarihi da na namun daji. Amma na Hausa kaɗan ne ƙwarai, kuma rubutun fassara da Turanci yake zuwa. In Hajiya ta zo hutu daga gida, wannan manhaja ba za ta yi mata amfanin komai ba.

YouTube da dandalin Hausa

Gaskiyar magana, nan ne yawancin gidajen Hausawa suke kallo, ko sun faɗa ko ba su faɗa ba. Tun da kasuwar faifai ta mutu, Kannywood ta koma fina-finai masu dogon zango, ana sakin kashi ɗaya duk mako, wasu a tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, wasu kai tsaye a YouTube. Ba kuɗin wata, data ce kawai, kuma kana iya rage kyan hoto ka yi tsimi. Wasu bidiyon ana iya sauke su a cikin manhajar a kalla daga baya. Akwai kuma dandalin biya na fina-finan Hausa, irin su Northflix da Kallo.ng, ga mai son kuɗinsa ya isa hannun masu shirya fim kai tsaye.

Ya fi kowanne sauƙi, ya fi kowanne dacewa da gida mai tsofaffi da yara da baƙi. Rauninsa uku ne. Talla tana katse kallo. Inganci hawa-hawa ne, kuma mu ma muna da tamu gajiyar, labarin da ya kamata ya ƙare a zango biyu sai a ja shi har zango goma don kada kuɗin talla ya tsaya. Sannan babu tabbacin za a kai ka ƙarshe: kuɗi yana iya yanke wa furodusa, jarumi yana iya ficewa, ko hukuma ta shigo. A Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da fina-finai 22 masu dogon zango a lokaci ɗaya, bisa cewa ba a kai su tacewa ba kafin a sake su.

Haɗarinsa ga yara ya fi na Netflix, domin bidiyo ɗaya yana ƙarewa wani zai hau, kuma ba kai ka zaɓa ba. Kada a miƙa wa yaro waya a tafi kicin. Akwai YouTube Kids, a sauke masa shi. A kuma tabbatar tashar da ake kallo ta masu fim ɗin ce, ba ta wanda ya kwafa ya ɗora ba.

Mai tura fim

Kowa ya san su, rumfa da kwamfuta da igiyoyin caji a bakin kasuwa ko tasha. Da 'yan canji za a cika maka waya, ba data, ba sabis, kuma fim ɗin ya zauna har ranar da ka goge. Ta fuskar kuɗi da ɗorewa babu mai ja da shi, shi ya sa bai mutu ba. Amma wayarka tana shiga kwamfutar da ɗaruruwan wayoyi suka shiga, da hotunan iyalinka da manhajar bankinka a ciki. Kuma mafi yawan abin da ake turawa ba da izinin masu shi ba ne, ko a shago ko a zaurukan Telegram. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta haramta wannan. Ni abin da ya fi tsaya mini ba dokar ba ce. Mai haske da mai ɗaukar sauti da mai kwalliya suna da iyali, kuma ba za mu riƙa kukan babu fim ɗin Hausa a sinima ba alhali ba ma biyan wanda aka yi. Ban ba ƙanina wannan shawarar ba.

| | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Fim ɗin Hausa |
|---|---|---|---|---|---|
| Sinima | Mafi tsada, da mai da gugguru | Awa biyu, sai abin tunawa | Sai an shiga gari | Hanyar dare, fim marar daɗi | Da wuya |
| Netflix da irinsa | 2,500 zuwa 8,500 a wata, da data mai yawa | Muddin kana biya | Sai wuta da sabis | Cirar kuɗi, yara | Kaɗan |
| YouTube da dandalin Hausa | Data, wasu da ɗan kuɗi | Labari na iya tsayawa | Mafi sauƙi | Yara, tashoshin kwafi | Da yawa |
| Mai tura fim | Mafi araha | Har ka goge | Sai ka je shago | Cutar waya, haƙƙin mutane | Da yawa |

Wa ya dace da wanne

Gida mai yara da yawa, ko wanda tsofaffi ke ciki, kuma Hausa ce harshen falo: YouTube da Arewa24 sun ishe ku. In akwai rarar kuɗi, a sa ta a data ko a ɗaya daga cikin dandalin Hausa.

Ma'aikaci ko ɗalibi mai zaman kansa, wanda waya ce talabijin ɗinsa: ƙaramin tsarin Netflix da saitin tsimin data. Ya biya wata ɗaya lokacin da abubuwan da yake so suka taru, ya kalle su, ya soke, ya huta wata biyu.

Mai intanet na gida da sola ko inbata, wanda gidansa ke kallo kusan kullum kuma ana jin Turanci: tsarin tsakiya na 6,500 ya wadatar. Babban tsarin sai in talabijin ɗinka na iya nuna hoton da kake biya, kuma mutum uku ko huɗu ne ke kallo a lokaci guda.

Wanda manyan fina-finan Amurka suka gundure shi: ya daina zuwa makon farko. Ya jira ya ji bakin waɗanda suka gani. In sun ce sai a babban allo, ya je ranar aiki. In sun yi shiru, daga baya zai iya samun sa a gida.

Ƙanina kuwa, ce masa na yi kada ya mayar da abin gardama tsakaninsa da matarsa. Su riƙe YouTube na yau da kullum, su biya Netflix a watannin da suke da lokaci, sannan ya ware kuɗin sinima sau uku ko huɗu a shekara: bayan ƙaramar Sallah, bayan babba, da Disamba lokacin da fina-finan gida masu kyau ke fitowa. Ya bar ta ta zaɓi fim ɗin, su shiga na ƙarfe biyu, su kama hanyar Kubwa kafin Magariba.